Karya bayan aikin hana haihuwa: kwana 14 da ke wuyan mai gida

Ƴan uwa manoma da makiyaya, yau maganarmu a kan bisar da ke kwana waje domin mu kwana cikin ɗaka. Kare ne ke korar dila daga garke. Shi ke tsaron rumbu da garka. Shi ke tada mai gida in ɓarawo ya taɓa darni. Amma in aka zo lissafin bisashen gida, shi ne na ƙarshe, wani lokaci ma ba a ƙirga shi.

A Yamai da wasu manyan garuruwanmu akwai likitocin bisashe da suka iya yi wa karya aikin hana haihuwa. Mu dai ra'ayinmu shi ne wannan aiki alheri ne ga karya, ga gida, da ga gari baki ɗaya. Sai dai abin da likita ke yi rabin aiki ne. Sauran rabin yana hannun mai karya, cikin kwana 10 zuwa 14 da ke biyo baya. Aikin likita kamar shibka yake, kulawar gida kuwa ita ce noma. Kowa ya san abin da mai shibka ba noma ke girba. Wanda bai shirya ba da waɗannan kwanaki ba, to ya dakata har ya shirya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mine ne wannan aiki?

Likita yana sa karya barci da allura. Yana aske gashin cikinta, ya wanke wurin, ya tsaga fata ƙarƙashin cibiya. Yana ɗaure jijiyoyin jini, ya cire gidajen ƙwai biyu, sau da yawa har da mahaifa. Daga nan karya ba ta ƙara neman namiji, ba ta ƙara ɗaukar ciki.

Abin da ya kamata kowa ya gane shi ne ɗinkin ba ɗaya ba ne. Galibi hawa uku ne: na naman ciki da ke riƙe da hanji, na ƙarƙashin fata, sannan na fata wanda ido ke gani. Zaren ciki yana narkewa da kansa a hankali. Na waje kuwa, in irin wanda ake cirewa ne, likita ke cire shi bayan kwana 10 zuwa 14. Fata tana saurin haɗewa, amma naman ciki yana daɗewa kafin ya yi ƙarfi. A kwana na 4 ko na 5 karya za ta miƙe tana kaɗa wutsiya kamar ba abin da ya same ta. A nan mutane da yawa ke ruɗuwa, su kwance ta. Tsalle ɗaya kan katanga ya isa ya tsinka ɗinkin ciki alhali na waje yana nan lafiya lau.

Don mi muke goyon bayan aikin?

Karya tana iya fara haihuwa tun ba ta cika shekara ba. Cikinta kwana 63 ne ko kusa da haka. Tana iya haihuwa sau ɗaya ko sau biyu a shekara, kowane karo ƴaƴa 4, 6, har 8. Wane gida ke iya ciyar da su duka? Mun san inda suke ƙarewa: bakin kasuwa, bayan mahauta, kan juji. Can suke girma ba mai su, ba abinci, ba rigakafi.

A nan maganar ta shafi lafiyar ƴaƴanmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59.000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya. Kashi 99 cikin 100 daga kare suke ɗaukar cutar, kuma wajen 4 cikin 10 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. In alamun ciwon suka bayyana ga mutum, ba shi da magani. Amma in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allurar rigakafi, cutar tana rasa hanyar yaɗuwa. An gwada haka a Njamena, babban birnin Cadi, a 2012 da 2013. Cutar ta ɓace daga karnukan birnin wata da watanni, kafin karnukan da suka shigo daga waje su maido ta. A birnin Jaipur na ƙasar Indiya kuwa, tun 1994 aka haɗa abu biyu, aikin hana haihuwa da rigakafi, har aka daina samun masu mutuwa da ciwon a unguwannin da aikin ya kai.

Aikin hana haihuwa shi kaɗai ba ya kare karya daga hauka. Allura ce ke yin wannan. Amfaninsa shi ne yana rage sababbin kwikwiyoyin da ke shigowa gari kowace shekara ba rigakafi. Karyar da aka yi wa aiki, aka yi mata allura, ta zama shinge tsakanin cutar da yaran gida shekara da shekaru. In ta mutu da ruɓewar ɗinki a mako na farko, an yi asarar kuɗi, an yi asarar allura, an yi asarar mai gadi. Wata asarar kuma ta fi waɗannan: maƙwabta za su ce aikin likita ne ya kashe ta, ba wanda zai ƙara kai tasa.

Ita kanta karyar tana samun riba. Ta tsira daga ciwon mugunya a mahaifa, wanda ke kashe tsofaffin karnuka mata da yawa. In an yi aikin tun tana ƙarama, haɗarin ƙari a nono yana raguwa. Tana kuma kauce wa wani ƙari mai zubar da jini da karnuka ke ɗauka wajen barbara. Wasu suna yi wa karya allurar tazarar haihuwa ta mata don gudun kuɗin aiki. Wannan allura tana jawo ainihin ciwon mahaifar da muke gudu. Araha ba ta ado.

Shiri tun kafin ranar

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a kai karya, a tanadi wurin da za ta kwanta: ɗaki ko zaure mai inuwa da iska, an share shi, an shimfiɗa tabarma ko buhu mai tsabta. A tanadi igiya mai taushi. A zaɓi babban mutum ɗaya a gida wanda kulawar ke kansa, domin aikin kowa aikin ba kowa ne. A tambayi likita ƙarfe nawa za a hana ta abinci a daren jajibiri, a bi maganarsa. A gaya masa gaskiya in tana neman namiji, ko ana zaton tana da ciki, ko tana shayarwa. A irin waɗannan lokuta jini ya fi zuba, kuma likita zai iya cewa a jinkirta.

In da zaɓi, muna ganin lokacin ɗari ya fi dacewa. An gama aikin gona, akwai mai zama gida, ƙuda kuma ya ragu. Da damana kowa yana gona, ƙasa a jiƙe, ƙuda ko'ina. Da bazara zafi yana wuce digiri 40, kare kuwa da haki yake rage zafin jikinsa. Ɗaure shi wurin da rana ke bugu a watan Afrilu ko Mayu yana iya kashe shi ko ba a yi masa aiki ba.

Ranar da aka maido ta

Kada a ja ta da ƙafa zuwa gida, kada a ɗaure ta bayan kabu-kabu tana lilo. A kwantar da ita cikin amalanke ko mota a kan shimfiɗa, wani na riƙe da ita. Maganin barci yana ɗaukar yini guda kafin ya sake ta sarai. Za ta yi tangaɗi, ba za ta gane mutane sosai ba, kuma karyar da ba ta taɓa cizo ba tana iya cizo saboda zafi. A nisanta yara da sauran karnuka. In da sanyi a lulluɓe ta, domin maganin barci yana sanyaya jiki. A ba ta ruwa kaɗan-kaɗan. Da dare a ba ta rabin abincin da ta saba ci. In ta ƙi a wannan dare, ba abin tsoro ba ne. Haka nan in ta yi kwana ɗaya ko biyu ba ta yi kashi ba.

Dokoki biyar na kwana 14

1. Kada ta lasa. Mun sha jin ana cewa yawun kare magani ne. Bakin da ke tonon juji da cin mushe cike yake da ƙwayoyin cuta. Harshe yana jiƙa ciwo yana goge shi, haƙori kuma yana tsinka zare cikin ƴan mintoci. Maganin wannan shi ne a sa mata wani abu kamar mazurari a wuya. In likita ba shi da na sayarwa, ana yanka kwali mai kauri a naɗe shi, ko a cire gindin ƙaramin bokitin roba a naɗe bakin da tsumma don kada ya yanke ta. Ya zarce tsinin hancinta kaɗan, kuma yatsa biyu su iya shiga tsakaninsa da wuya. Za ta yi kuka da shi kwana ɗaya ko biyu, sannan ta saba. A bar shi dare da rana. Da dare, lokacin da kowa ke barci, aka fi yin ɓarnar.

2. Kada ta yi gudu ko tsalle. Ba farauta, ba bin garke, ba bin amalanke zuwa gona, ba wasa da yara. A fita da ita da igiya sau 3 ko 4 a yini don fitsari da kashi, a maido ta. Karnukan farauta da dogayen karnukan Azawak sun fi wuyar tsarewa, domin gudu ne halinsu. Su suka fi bukatar ido. In an yi aikin tana kusa da lokacin neman namiji, mazan za su ci gaba da zuwa. A rufe ƙofa, domin barbara a wannan hali tana iya fasa ɗinkin ciki.

3. Kada ɗinkin ya jiƙe. Ba wanka, ba shiga tabki, ba kwanciya gindin randa ko bakin rijiya inda karnuka ke neman sanyi. Kada kuma a zuba mata maganin kaska na shanu har sai ta warke.

4. Kada ta kwanta cikin rairayi, kada ƙuda ya sauka. Ƙuda yana zuba ƙwai a bakin ciwo, cikin yini ɗaya su zama tsutsa. Akwai kuma wani ƙuda da ke zuba ƙwansa a rairayin inuwa inda fitsari ko kashi ya taɓa, tsutsarsa ta huda fatar kare ta zauna ciki. A share wurin kullum, a canja shimfiɗa in ta ɓaci. Tsohon sange da aka rataya yana tare ƙuda. Tsohuwar rigar yaro mai tsabta, in aka sa mata ta rufe ciki, tana tare ƙura, muddin a bushe take kuma ana canja ta.

5. Kada a shafa komi, kada a ba ta komi, sai abin da likita ya ce. Wannan doka ita aka fi karyawa, kuma da kyakkyawar niyya ake karya ta.

Maganin da ke kashewa

Mun saba ganin ana zuba wa ciwon bisa toka, ko baƙin man mota, ko kashin shanu, ko garin gawayin pil, ko fiya-fiya don kashe tsutsa. Ɗinkin likita ciwo ne mai tsabta da aka rufe. Ba ya bukatar komi sai bushewa da hutu. Toka da kashin shanu suna kai masa ƙazanta. Baƙin mai da maganin ƙwari guba ne, suna shiga jiki ta ciwon, karya kuma ta lashe sauran. Alkol ma yana ƙona sabon naman da ke tsirowa. In gefen ɗinkin ya ɓaci, a tafasa rabin lita na ruwa, a zuba ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, a bari ya huce. A wanke hannu da sabuni, a goge kewayen a hankali da tsumma mai tsabta, a tsane shi.

Maganin mutane kuwa ba na kare ba ne. Ibuprofen da diklofenak suna huda cikin kare, suna lalata masa ƙoda. Parasetamol, in ya wuce kima, yana lalata hanta da jini. Kada a sayi ƙwaya wajen masu yawo da magani a ka a jefa mata cikin tuwo. Karya tana jin zafi kamar yadda muke ji, saboda haka a roƙi likita ya ba da maganin zafi irin na karnuka. In ya ba da magani na kwana kaza, a cika kwanakin, ko da ta yi kamar ta warke.

Duba safe da maraice

Dubawa ba ta cin minti biyu. A kwantar da ita da lallashi, a duba cikin da haske mai kyau. Ɗan ja a bakin ɗinki, ɗan kumburi, ko ɗigon ruwa mai launin jini-jini a rana ta farko, duk ba laifi. Abin lura shi ne kowace rana ta fi ta jiya kyau. Mai wayar salula ya ɗauki hoton wurin kullum. Hoto ba ya mantuwa, kuma ana iya aika wa likita shi in gari da nisa.

A nemi likita a ranar in aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: ja da kumburi suna ƙaruwa, wurin ya yi zafi, mugunya ko wari, zare ya tsinke, tsutsa, amai ko zawo da ya ƙi tsayawa, ko ta wuce yini ɗaya cur ba ta ci ba. In wani ƙullutu mai taushi ya fito ƙarƙashin ɗinki, kada a huda shi, kada a matsa shi. Yana iya zama ruwa ne ya taru saboda yawan motsi, yana kuma iya zama hanji ne ya leƙo. Likita ne ke bambancewa.

A tafi nan take, ko tsakar dare ne, in jini yana zuba bai tsaya ba, ko dasashinta ya yi fari, ko cikinta ya kumbura ta kasa tashi. Waɗannan alamun zubar jini ne a ciki. In ɗinki ya buɗe har kayan ciki suka fito, kada a tura su. A rufe su da zane mai tsabta da aka jiƙa da ruwan gishirin nan, a ɗaure sako-sako, a hana ta kai baki, a kama hanya.

In kuwa ta ciji wani wajen kulawa, a wanke wurin da ruwa da sabuni minti 15, a tafi gidan likita a ranar. Wannan doka ce ga kowane cizon kare, na gida ko na waje.

Amsa ga masu ja

Wani zai ce: duk wannan wahala a kan kare? Malamanmu sun sanar da mu cewa an halatta riƙon kare don tsaron garke, tsaron gona da farauta, kuma duk bisar da mutum ya riƙe, haƙƙinta yana wuyansa. Ba ita ta kai kanta gidan likita ba. Mu muka kai ta aka tsaga cikinta. Wanda ya ɗauki wannan shawara ya ɗauki abin da ke biye da ita.

Wani zai ce karyar da aka yi wa aiki ba ta gadi. Gadi halinta ne da sabo da gida, ba ya cikin abin da aka cire. Hasali ma ta daina barin gida tana bin maza. Abin da ke gaskiya shi ne tana saurin ƙiba, sai a rage mata abinci kaɗan. Gaskiya ne kuma kowane aikin fiɗa yana da haɗari, kuma wasu kaɗan suna samun yoyon fitsari in sun manyanta. Shi ya sa muke cewa likitan bisashe na gaske kaɗai zai yi aikin. Wanda ya iya dandaƙar bunsuru bai iya buɗe ciki ba.

Wani kuma zai ce zuba guba ya fi sauƙi. An daɗe ana zuba guba a garuruwa da dama, karnuka ba su ƙare ba, hauka bai ƙare ba. Guba ba ta tambayar wanda aka yi wa rigakafi. Tana kashe angulu da ke share mana mushe, tana kuma zama haɗari ga yara. Bayan ƴan watanni wasu karnuka sun cike gurbin, domin juji da mahauta suna nan.

Kira ga likitoci da hukumomi

Nauyin ba na mai karya kaɗai ba ne. Muna roƙon likitocin bisashe su zauna minti biyar da kowane mai karya, su yi masa bayani da harshen da yake ji. Su rubuta masa ranar cire zare da lambar wayarsu a takarda. Su nuna masa yadda ake yin mazurarin kwali. Su tabbata karyar ta samu allurar haukan kare, su rubuta ranar da za a sake ta. Masu taimaka wa likitoci a karkara, da suka fi kusa da makiyaya, su ma a koya musu duba ɗinki da gane alamun haɗari.

Magadan gari da sarakuna kuma su sa hannu. Duniya ta keɓe ranar 28 ga Satumba don yaƙi da haukan kare, kuma manyan hukumomin lafiyar mutane da ta bisashe sun sa burin a daina mutuwa da cizon mahaukacin kare kafin ƙarshen 2030. Wannan buri ba zai cika daga ofis ba. Daga gida zai fara, kare ɗaya bayan ɗaya.

Ƴan uwa da suka iya karatu, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba. Mai karyar da aka yi wa aiki ya ja layi 14 a bangon zaure, ya goge ɗaya kowace safiya bayan ya duba ɗinki. Ranar da layi ya ƙare, likita ya duba ya ce ta warke, sai a kwance igiya, ta koma bakin aikinta. Allah ya ba mu lafiya, mu da iyalinmu da bisashenmu.